Faɗaɗa Titi ko Gyara Sufurin Jama'a? Tambayoyi da Amsoshi kan Cunkoson Birane

Duk birnin da gosulo ya addaba, muhawarar iri ɗaya ce: a zuba kuɗin da ake da shi wajen ƙara wa manyan hanyoyi faɗi da gina gadojin sama, ko a zuba shi a bas-bas da jiragen ƙasa? Mun tattara tambayoyin da aka fi yi a kan wannan batu, har da na waɗanda ba su yarda da mu ba.

In titi ya cika, ba ƙara masa faɗi ne maganin da ya fi kusa da hankali ba?

Shi ne abin da ido ke nunawa, kuma a watannin farko yakan yi aiki. Matsalar tana ɓullowa ne daga baya, daga mutanen da ba ka gani a kan titin yau.

Ɗauki ma'aikacin da ke fita ƙarfe biyar da rabi na asuba don ya riga cunkoso. Ba don yana son sammako ba, gosulo ne ya koya masa. Ranar da aka buɗe sabon titi mai layi shida, sai ya koma fita ƙarfe bakwai. Maƙwabciyarsa da ke bin wata hanya ta bayan gari ta dawo babban titi. Wani da ke shiga bas saboda tuƙi na gajiyar da shi ya kakkaɓe motarsa. Wanda kan haɗa saƙonni uku a fita ɗaya yanzu sai ya fita sau uku. Bayan shekara biyu masu gina gidaje sun hango cewa filin da ke nisan kilomita 30 ya zama tafiyar minti 25, suka yanka filaye, aka tare, kuma kowane gida a can ba ya rayuwa sai da mota. Babu wanda ya yi wauta a cikinsu. Kowa ya ga tuƙi ya yi sauƙi ne ya ƙara yinsa. Amma in ka haɗa su duka, titin ya sake cika, wannan karon da motoci fiye da na da.

Masana sufuri suna kiran wannan buƙatar da sabon titi ke haifarwa. Kamar kowace haja ce: in ta yi araha, masu saye sukan ƙaru. A kan titi, da lokaci ake biya.

Wannan hasashe ne na masana, ko an gan shi a ƙasa?

An gan shi, kuma an auna shi. Tun a 1962 masanin tattalin arziki Anthony Downs ya rubuta cewa a manyan hanyoyin birane cunkoson safe da yamma yakan ƙaru har sai ya cike duk gurbin da aka samar. A 1994 wani kwamitin da ke ba gwamnatin Birtaniya shawara kan manyan hanyoyi ya tabbatar cewa sababbin hanyoyi suna haifar da sabuwar zirga-zirga. A 2011 Gilles Duranton da Matthew Turner suka bi bayanan biranen Amurka na shekaru da dama, suka gano cewa in aka ƙara yawan layukan manyan hanyoyi da kashi 10 cikin ɗari, tafiyar da motoci ke yi ma takan ƙaru da kusan kashi 10.

Misalin da ya fi shahara shi ne babban titin Katy a birnin Houston na jihar Texas. An kammala faɗaɗa shi a 2008 a kan kusan dala biliyan 2.8, ya kai layi 26 a wasu wurare in aka haɗa da hanyoyin gefe. Tsaya ka ƙirga layi 26 a ranka. Duk da haka, tsakanin 2011 da 2014 lokacin da ake ɗauka daga bayan gari zuwa tsakiyar birnin da safe ya ƙaru da kusan kashi 30 cikin ɗari, na komawa da yamma kuwa da kusan kashi 55. A Los Angeles an kashe sama da dala biliyan 1 wajen ƙara layi a titin 405, aka gama a 2014 bayan shekara biyar ana aiki, amma masu komawa gida da yamma ba su ga bambanci ba. An gudu ba a tsira ba.

Ai jama'a ce ke ƙaruwa. Da ba a faɗaɗa ba, da abin ya fi haka muni.

Akwai gaskiya a ciki, domin Houston birni ne mai girma da sauri. Sai dai binciken Duranton da Turner ya ware tasirin ƙaruwar jama'a, kuma sakamakon bai gushe ba. Sannan ka lura da yadda hujjar ke sauya riga: kafin a fara aiki alkawarin shi ne za a kawar da cunkoso, bayan an gama sai a koma cewa da ya fi haka. In dai jama'a na ƙaruwa, tambayar ita ce wace hanya ce za ta iya girma tare da su ba tare da an rushe rabin gari ba.

To me sufurin jama'a ke iyawa wanda titi ba ya iyawa?

Tattalin wuri. Layi ɗaya na babbar hanya, in komai na tafiya daidai, yana wucewa da motoci kusan 2,000 a awa ɗaya, kuma a lokacin zuwa aiki yawancinsu direba ne kaɗai a ciki. A titin cikin gari mai danja da mahaɗa, adadin bai ma kai haka ba. In aka keɓe wa bas wannan layin, yakan ɗauki mutum 4,000 zuwa 8,000 a awa. Tsarin bas na Bogotá, babban birnin Kolombiya, ya haura 30,000 a hanyarsa mafi cika, jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa kuma yana iya zarce haka.

A ramin Lincoln, hanyar mota ta ƙarƙashin kogi da ke haɗa New Jersey da birnin New York, tun 1970 ake ware layi ɗaya wa bas-bas kawai da safe. Kafin annobar korona, bas kusan 1,800 ne ke bi ta wannan layin kowace safiya, ɗauke da fasinja wajen 70,000. Layi ɗaya ke nan.

Kuma mota ba ta ɓacewa in ta isa inda za ta. Ana ƙiyasta cewa motar gida tana yin kusan kashi 95 cikin ɗari na rayuwarta a ajiye. Duk layin da aka ƙara ya shigo da motoci cikin gari, sai an nema musu wurin ajiyewa, kuma ƙananan titunan da za su karɓe su ba su ƙaru da ko taku ɗaya ba. Shi ya sa sau da yawa gadar sama ke ɗaukar gosulo daga wannan shataletalen ta sauke shi a na gaba. Bas kuwa in ya sauke mutane sai ya juya ya tafi ɗauko wasu.

Ke nan in aka kawo jirgi da bas masu kyau, gosulo zai ƙare?

A'a. Nan ne masu goyon bayan sufurin jama'a kan yi wa kansu illa, domin sukan yi alkawarin da ba za su iya cikawa ba. Dokar da ke cika sabon titi ita ce kuma ke cike gurbin da mai shiga jirgi ya bari: ka ajiye motarka, wani ya ga hanya ta ɗan sassauta ya fito da tasa. Duranton da Turner da kansu sun gano cewa ƙara bas-bas bai rage yawan tuƙi a biranen da suka bincika ba. Tokyo da Landan da Paris suna da jiragen ƙasa na gani na faɗa, kuma titunansu na cunkushewa.

Abin da sufurin jama'a ke yi shi ne ya fitar da mutane daga cikin gosulon. A Tokyo titi na iya tsayawa cak, amma miliyoyin mutane sun riga sun isa wurin aiki a kan lokaci, domin tafiyarsu ba ta ratsa ta titin ba. Tashar Shinjuku kaɗai tana ganin fasinja sama da miliyan 3 a rana kafin korona. Birnin da ba shi da wannan, kowa a cikinsa fursunan titi ne, daga mai kuɗi har mai aikin shara.

Akwai kuma hanyar gane amfaninsa ta bayan gida, wato ranar da ya tsaya. A 2003 ma'aikatan sufuri na Los Angeles suka yi yajin aiki na kwana 35. Birni ne da masu shiga bas ba su da yawa in aka kwatanta da masu mota, amma binciken masanin tattalin arziki Michael Anderson ya nuna jinkiri a manyan hanyoyi ya ƙaru da kashi 47 cikin ɗari. Dalili kuwa, masu shiga bas da jirgi su ne masu bin hanyoyin da suka fi cika, a lokacin da suka fi cika.

Ni da motata nake tafiya, kuma ba ni da niyyar shiga bas. Me zan ƙaru da shi?

Gudun motarka a lokacin cunkoso yana rataye da gudun bas fiye da yadda kake zato. Mutane sukan ci gaba da komawa mota har sai tuƙi ya yi jinkiri daidai da hanyar da ta rage musu. In bas na ɗaukar awa biyu, titi zai cika har tuƙi ya doshi awa biyu kafin wani ya haƙura. In jirgi na kai mutum cikin minti 35, da zarar tuƙi ya wuce haka da yawa wasu za su ajiye mota. Wato sufurin jama'a mai sauri shi ke sa wa gosulo iyaka. Kuma ko ba kai ba, akwai 'yarka da ba ta isa tuƙi ba, da mahaifinka da idonsa ya yi rauni, da ranar da motar take wurin makanike.

Ƙwace layi daga motoci a ba bas ba zai ƙara dagula al'amura ba?

A makonnin farko zai dagula, kuma za a ji zagi. Direba yana tsaye cikin zafi, ya dubi layin bas ya gan shi wayam, ransa ya ɓaci. Abin da bai lissafa ba shi ne layin da ke aiki da kyau dole ya yi kama da wanda babu kowa. Bas ɗaya ya wuce da mutum 70 cikin daƙiƙa uku, layi ya sake zama fayau. Motoci 60 da za su ɗauki waɗannan mutanen su ne jerin da yake ciki, wanda ya miƙe har ba a ganin ƙarshensa.

Yadda sabon titi ke jawo motoci, haka rage titi ke korar wasu. A Seoul, babban birnin Koriya ta Kudu, magajin gari Lee Myung-bak ya fara rushe wata doguwar gadar sama a 2003, wadda motoci sama da 160,000 ke bi ta kanta da ƙarƙashinta kullum, aka tono rafin Cheonggyecheon da aka binne a ƙasanta, aka buɗe shi a 2005. An yi ta hasashen gari zai tsaya. Bai tsaya ba, kuma ba sa'a ba ce: a 2004 an sake fasalin bas-bas na birnin gaba ɗaya, aka keɓe musu layi a tsakiyar manyan tituna, aka haɗa biyan kuɗin bas da na jirgi a kati ɗaya. A San Francisco girgizar ƙasa ce ta lalata titin sama na Embarcadero a 1989, aka rushe shi a 1991 ba a sake ginawa ba. Tun 1968 ma masanin lissafi ɗan Jamus Dietrich Braess ya nuna a takarda cewa ƙara hanya na iya sa tafiyar kowa ta ƙara tsawo.

Amma ba girin-girin ba, ta yi mai. Delhi ta buɗe layin bas na musamman a 2008, gajere ne ƙwarai, bai haɗu da komai ba, masu mota suka yi masa ca, aka rushe shi a 2016. Kilomita shida na layin bas a birni mai miliyoyin mutane ba tsari ba ne, gwaji ne da aka bari shi kaɗai.

Jirgin ƙasa ya fi, ko bas?

Ya danganta da yawan mutanen da ke kan hanyar da kuma abin da aljihun birnin zai iya ɗauka, ba ranar gini kawai ba, har shekara 30 masu zuwa. Curitiba ta Birazil, a ƙarƙashin magajin gari Jaime Lerner, ta fara keɓe wa bas hanyarsa a 1974 domin ba ta da kuɗin jirgin ƙarƙashin ƙasa. Daga baya aka ƙara dabarun da suka sa bas ya yi aiki kamar jirgi: a biya kafin a shiga, daɓen tasha daidai da ƙofar bas, ƙofofi da yawa. Bogotá ta Kolombiya ta ɗauki darasin ta buɗe nata tsarin bas mai suna TransMilenio a watan Disamba na 2000, zamanin magajin gari Enrique Peñalosa. Nasararsa ce ta zame masa nauyi, domin cikar da yake yi ta kai mutane na kuka, har birnin ya koma gina jirgin ƙasa.

Jirgi ya fi ɗaukar mutane kuma ya fi daɗewa, amma ya fi tsada nesa ba kusa ba, kuma yana neman kulawa. Addis Ababa ta buɗe jirgin cikin gari a 2015, bayan 'yan shekaru da yawa daga cikin jiragen suka tsaya saboda rashin kayan gyara. Zurich ta Suwizalan kuwa sau biyu masu zaɓe suna ƙin aikin jirgin ƙarƙashin ƙasa, a 1962 da 1973, sai birnin ya ba taragun kan titi da bas-bas fifiko a danja da layi, kuma ya wayi gari cikin biranen da aka fi yabon sufurinsu. A ganinmu birnin da ke farawa ya soma da gyara bas, domin sakamakon yana zuwa cikin shekara ɗaya ko biyu, kuma yana nuna inda jirgi zai dace nan gaba.

Me ke sa mai mota ya ajiye motarsa ya shiga bas?

Ba launin bas ba ne, ba ma kujera mai laushi ba. Yawan zuwansa ne da tabbacin zai zo. Matar da ke tsaye a tasha tana duba agogo, ba ta san ko minti biyar za ta jira ko 40 ba, ita ce ke fara tara kuɗin sayen mota. In bas na zuwa kowane minti 8, ba ta bukatar sanin jadawali, fitowa kawai za ta yi. Bayan wannan sai sauri, sai tsaro musamman ga mata da dare, sai hanyar ƙafa mai kyau zuwa tasha, domin kowane fasinja da ƙafa yake farawa. Ita kanta Houston a 2015 ta sake zana hanyoyin bas ɗinta a dare ɗaya, ta mayar da hankali kan layukan da bas ke zuwa a kai a kai har ranakun ƙarshen mako, ba tare da ƙarin kuɗi mai yawa ba, kuma fasinja suka ƙaru a lokacin da suke raguwa a yawancin biranen Amurka.

Mayar da sufuri kyauta ba shi da ƙarfin da ake zato. Tallinn ta Estoniya ta yi haka wa mazaunanta a 2013, Luxembourg kuma ta yi wa ƙasar baki ɗaya a 2020. Taimako ne ga mai ƙaramin ƙarfi, amma a Tallinn da yawa daga sababbin fasinjojin masu tafiya a ƙafa ne a da. Wanda ya iya sayen mota ba kuɗin bas ne ya kore shi ba.

Sufurin jama'a ba ya mayar da kuɗinsa. Me ya sa za a ci gaba da ba shi tallafi?

Titi ma ba ya mayarwa, sai dai ba a taɓa tambayarsa riba. Gininsa, cike ramukansa, fitilunsa, jami'an da ke ba da hannu, duk daga baitulmali ne, kuma duk layin da aka ƙara bashin gyara ne da za a bar wa na baya. Ba a kuma sa kuɗin asibiti a lissafin: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum kusan miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, kuma fasinjan bas ko jirgi ya fi na ƙaramar mota tsira nesa. Akwai inda jirgi ke cin riba, kamar Hong Kong, inda kamfanin jirgin ƙasa na MTR ke gina gidaje da shaguna a kan tashoshinsa ya amfana da darajar da jirgin ya ƙara wa filin.

In titi ba ya maganin gosulo, bas ma ba ya yi, me ke yi?

Abin da ya nuna tasiri mai ɗorewa shi ne a sa wa shiga tsakiyar gari da mota kuɗi a lokacin cunkoso. Singafo ce ta fara a 1975, ta mayar da shi na lantarki a 1998. Landan ta bi a watan Fabrairu na 2003, zamanin Ken Livingstone, da fam 5 a rana. New York ta fara nata a watan Janairu na 2025. Labarin Stockholm ta Suwidin ne ya fi koyarwa. Yawancin jama'a ba sa so, sai aka yi gwajin kusan wata bakwai a 2006, motocin da ke ratsa iyakar suka ragu da wajen kashi 20 cikin ɗari, jerin gwano ya narke. Da aka dakatar da gwajin, motoci suka dawo. Aka kaɗa ƙuri'a, mazauna birnin suka amince da ƙaramin rinjaye, tsarin ya zama na dindindin a 2007.

Za a ce wannan korar talaka ce daga titi, kuma zai zama haka in ba a ba shi wata hanya ba. Shi ya sa sufurin jama'a ke gaba, caji ya biyo baya, kuɗin da aka tara kuma ya koma wa bas da jirgi. Stockholm sai da ta ƙara bas-bas watanni kafin gwajin ya fara.

Motoci masu lantarki da masu tuƙa kansu fa?

Motar lantarki tana rage hayaƙi, amma faɗinta da tsawonta ɗaya da na mai shan fetur. Mai tuƙa kanta kuwa tana iya yawo babu kowa a ciki.

Kuna nufin kada a sake gina titi ke nan?

Ba haka ba ne. Ƙauyen da damina ke yanke shi daga kasuwa titi yake buƙata, ba jirgi ba. Manyan motocin dakon kaya, motar asibiti, motar kashe gobara, mai gyaran famfo da kayan aikinsa, duk titi suke bi, kuma su ne suka fi amfana in aka rage motocin da ke ɗauke da mutum ɗaya. Bas ɗin ma a kan kwalta yake tafiya. Birnin da ke girma yana buƙatar ƙananan tituna masu yawa da ke haɗe da juna, da gada inda kogi ya raba gari, da gyaran mahaɗar da ke cin rayuka. Abin da muke ja da shi ɗaya ne: ƙara wa babbar hanyar cikin birni layi da sunan za a kawar da cunkoson safe da yamma. A 2023 gwamnatin yankin Wales ta Birtaniya ta soke yawancin manyan ayyukan hanya da ke gabanta, ta bar waɗanda suka cika sababbin sharuɗɗa, ciki har da kada aikin ya ƙara yawan motoci.

In hujjar ta kai haka, me ya sa shugabanni ke ci gaba da faɗaɗa tituna?

Gadar sama ana ganinta daga nesa, ana yanka mata zare, ana sa mata suna, kuma sauƙin da take kawowa yakan kai har zaɓe na gaba kafin ya ƙare. Babu mai yanka zare don an rage jiran bas daga minti 30 zuwa 10, ko da yake wannan ya fi taɓa rayuwar mutane da yawa. Masu yanke shawara kuma ta tagar mota suke ganin gari. Kasafin kuɗi ma yana da nasa laifin: ana samun rancen gina abu cikin sauƙi, amma albashin direbobi da kuɗin kayan gyara, waɗanda su ne ainihin sufurin jama'a, kowace shekara sai an yi kokawa a kansu.

Sannan akwai ma'auni. Shekaru da dama injiniyoyi suna auna titi da gudun motoci, don haka bas mai mutum 70 da motar mutum ɗaya duk abin hawa ɗaya-ɗaya ne a takardarsu. Jihar California ta sauya wannan a dokar tantance ayyukanta, inda daga 2020 ake duba yawan tuƙin da aiki zai haifar maimakon jinkirin da motoci za su yi a mahaɗa.